Yadda za ka gane maganin dangin opiyom a jikin kwali, ko da Latin anka rubuta ko da yaren Lituwaniya

Yawancinmu nan Maradi in anka miƙo muna kwalin magani babban rubutun nan mai kala kawai muke kallo, in mun san sunan shi kenan, in ba mu sani ba sai mu tambayi mai tallan shi kuma ya ce ai na ciwon jiki ne ko na tari ne, sha biyu da safe biyu da dare, ka ba shi kuɗɗi ka tahi. To wanga babban suna inkiya ce kawai, kamfani ne ya laƙa ma kayanshi don su shiga kasuwa, sunan yanka shina can ƙasa da ƴan ƙananan baƙaƙe, kuma shi ne ba ya canzawa daga Indiya har Faransa har Lituwaniya. Wanga ƙaramin layi nike so mu koyi karantawa, don ka gane ko abin da ke hannunka na dangin opiyom ne, wato dangin su tramol da kodin da morfin, ko da kuwa ba ka taɓa ganin littahin Latin da idonka ba. Ba karatun likita ba ne, mai tallan goro ma zai iya in dai shina haɗa baƙi.

Za ka ce mi ya haɗa mu da Latin, yaren Rumawa da ba wanda ke cinikin tumatur da shi yau. Abin da ya haɗa mu shi ne tun 1953 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke ba kowane sinadarin magani suna guda na kowa da kowa, wanda ƴan farmasi namu ke ce ma DCI, kuma ana hiddo sunan da Latin tare da Faransanci da Ingilishi da sauransu, daga nan kowace ƙasa ta lanƙwasa shi yadda bakinta ke iyawa. Ita kuwa Lituwaniya ƙaramar ƙasa ce a bakin tekun Baltik, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, babban birninta Vilnius, ta shiga tarayyar Turai a 2004. Ba kullum kwalinsu ke faɗowa hannunmu ba, amma kayan Turai ta ko'ina suke shigowa, cikin jakar ɗan'uwa da ya dawo, cikin akwatin motar hannu da anka sauke Kwatano ko Lome, ga kuma yara da ke neman karatun likita a Kaunas ko Vilnius. Kuma gaskiya na zaɓe shi ne don in ka iya warware na Lituwaniya, wanda a ido kamar babu inda za ka kama, na Polan da na Romaniya da na Spaniya wasa ne.

Fara da gane wane yare ne a gabanka, don kwalayen ƙasashen Baltik sau da yawa yare uku ake jerawa a kwali guda, na Lituwaniya da na Latviya da na Estoniya, wani lokaci da ƴan haruffa LT da LV da EE a gehe. In ba a sa su ba duba baƙaƙen. In ka ga e mai ɗigo guda a kai, ė, ko u mai ƴar wutsiya ƙasa, ų, ko į, to Lituwaniya ce ba tantama. In ka ga ā da ē da wasu k da l da n masu waƙafi a gindi, Latviya ce. In ka ga õ, Estoniya. In ka ga l da anka soke da sanda, ł, Polan ce. Karatunsu kuma bai da wuya ga Bahaushe, š shi ne sh namu, č shi ne c namu na cin abinci, ž kamar j ta Faransanci, j ɗinsu kuwa y ce, shi ya sa kalmar opijus ake faɗinta opiyus. Wanga mataki shina da amfani ko don waya, in za ka haska kamarar Google Translate kan takardar gara ka zaɓa mata yaren da kanka, in ka bar ta ta yi canke sai ta gauraya maka yare uku wuri guda, kuma ko ta gane yaren sunayen magani ba ta cika kyautata musu ba, don haka sunan kai za ka karanta da idonka, ita ka bar mata dogayen jimloli.

Sai ka nemo layin. A kwalin Faransanci ka sani, ƙarƙashin babban suna ne ko inda anka sa composition ko substance active. A na Lituwaniya kalmomin da za ka nema su ne veiklioji medžiaga, ma'ana sinadarin da ke aikin, a takardar nan mai ninki ta cikin kwali wadda muke ce ma notis su kuma suke ce ma pakuotės lapelis. A jikin kwalin kanshi galibi da Latin suke sa shi ƙarƙashin babban sunan. Misali ka ɗauki kwali ka ga wani suna babba da ba ka sani ba, 50 mg, ƙasa anka rubuta kietosios kapsulės, wato kafso, ƙasa da shi kuma Tramadoli hydrochloridum. Ka juya gehe ka ga wagga jimla: Kiekvienoje kapsulėje yra 50 mg tramadolio hidrochlorido. Abin da take cewa kawai shi ne a cikin kowane kafso akwai miligiram 50 na tramadol. Ka ga sau biyu sunan ya hito a kwali guda, Tramadoli da tramadolio, kuma duk tramol ne wanda muka sani, wanda ya gama da yaran gari.

Nan ne dabarar take, kuma nan nike so ka tsaya ka natsu. Latin da yaren Lituwaniya duk yaruka ne masu canza ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla, abin da malaman Hausa ke ce ma ɗafa-ƙeya. Mu in za mu ce gishirin morfin sai mu liƙa ma gishiri n, su kuwa morfin ɗin suke taɓawa. A Latin sunan sinadari in shina zaune shi kaɗai da -um yake ƙarewa, morphinum, codeinum, tramadolum, in kuwa ana nufin na morfin sai ya koma -i, morphini, codeini, tramadoli, shi ya sa za ka ga Morphini sulfas, Morphini hydrochloridum, Codeini phosphas. A Lituwaniya in shina zaune shi kaɗai -as ne ko -is, morfinas, kodeinas, metadonas, heroinas, amma tramadolis, fentanilis, tapentadolis, in kuwa na abu kaza ake nufi masu -as su koma -o, masu -is su koma -io, morfino, kodeino, tramadolio, fentanilio. Yarensu na da irin wagga juyawa har kala 7, ba sai ka haddace ba, kai dai ka sa ɗan yatsa ka ruhe baƙi biyu ko uku na ƙarshe ka karanta abin da ya rage, wanda ya rage shi ne saiwa. Kalma ta biyu kuwa, su hydrochloridum da hidrochloridas da phosphas da fosfatas da sulfas da sulfatas, kada ta ɗauke maka hankali, sunan gishirin da anka haɗa sinadarin da shi ne don ya narke a jiki, magunguna ɗaruruwa na da ita har waɗanda ba ruwansu da maye. Na sha ganin mutum ya ga hydrochloride a kwalin maganin ƙaiƙayi ya ce ai irin na tramol ne, a'a malam, kalmar farko ake dubawa.

Akwai kuma ƴar musanyar baƙaƙe da in ba ka san ta ba za ta ɓoye maka saiwar. Mutanen Lituwaniya yadda suke faɗi haka suke rubutawa, kamar mu. Ph na Latin f ne wurinsu, th t ne, c mai ƙarar k k ce, x kuwa babu ita ma cikin baƙaƙensu 32 sai su sa ks, y ta Latin ta koma i. Don haka methadonum ya zama metadonas, oxycodonum ya zama oksikodonas, pethidinum ya zama petidinas, buprenorphinum ya zama buprenorfinas, naloxonum ya zama naloksonas. Ka karanta da baka a bayyane kawai, kunnenka zai gane kahin idonka.

To yanzu saiwoyin kansu. Ta farko opi. Latin opium daga Girkanci ta aro, opion, daga opos ma'ana ruwan itace ko ƙaro, don abin ƙaro ne fari da ke tsattsafowa in anka tsaga ɗanyen ƙoƙon furen da ake ce ma papaver, ya sha iska ya yi duhu a kankare. Larabci afyun da malamanmu na zaure ke gani a littattafan ɗibbu, har Ibn Sina ya yi bayaninshi, daga wagga kalma ta Girka ta hito, akwai ma gari a Turkiyya mai suna Afyonkarahisar saboda nomanshi. Lituwaniya opijus suke cewa, za ka ga opiumas ma, na opiyom kuma opijaus, dangin gaba ɗaya opiatai ko opioidai. A Latin na farmasi opii za ka gani da i biyu, Opii pulvis garin opiyom, Opii tinctura wanda anka jiƙa a barasa, Opii extractum wanda anka tace, kuma littahin ƙa'idar magunguna na Turai ya ƙayyade garin da ake aiki da shi ya zama morfin kashi 10 cikin 100. Kada ka ce ai wanga tsohon zance ne, har yau akwai magungunan ciwo na Faransa irin su Lamaline da Izalgi da ke da garin opiyom haɗe da parasitamol, poudre d'opium a rubuce ɓaro-ɓaro, mutum na sha shina cewa parasitamol ne mai ƙarhi. Tinctura opii ɗin nan ita ce tsohon laudanum da Turawa sunka daɗe suna ɗirka ma kansu da jariransu, likitan Ingila Thomas Sydenham ya yaɗa irin nashi haɗin a ƙarni na 17.

Itacen kanshi da Latin papaver ne, cikakken sunanshi Papaver somniferum, Linnaeus ɗan Suwidin ya tabbatar mishi da shi a 1753, somnus barci, ferre ɗaukowa, wato mai kawo barci. Faransawa pavot suke cewa, Larabawa khashkhash. A nan ne kawai Lituwaniya ta bar hanyar Latin ta kama tata, aguona suke ce mishi, jam'i aguonos, na furen kuma aguonų, irin wanda ake samun opiyom daga gare shi daržinė aguona, wato na lambu. Wagga kalma sai dai ka haddace ta don ba yatsan da za ka ruhe ya hiddo maka papaver daga cikinta. Abin mamaki kuwa somnus ɗin can na Latin shina da ɗan'uwa na jini a yarensu, sapnas, amma su mafarki yake nuhi, barci miegas ne. Irin wagga kama tana da yawa, wuta ignis da ugnis, namiji vir da vyras, dare nox da naktis, har wani marubucinsu na ƙarni na 16 da ake kira Michalo Lituanus ya jera irinsu ya ce ai su jikokin Rumawa ne. Ba haka ba ne, kaka guda ne dai yarukan sunka haɗa can da nisa tare da Girkanci da Farisanci da Sanskrit na Indiya, amma sunayen magungunan nan ba gadon kaka ba ne, aro ne na kwanan nan daga Latin na likitoci, kada a haɗa biyun. Ungozomomi da saje-fam kuma ga taku, méconium da kuke ce ma baƙin kashin farko na jariri asalinta sunan ruwan wanga fure ne, mekon shi ne furen da Girkanci, kamar da sunka yi a launi da danƙo ta sa anka ba kashin sunan.

Saiwa ta biyu morph ko morf, wani lokaci m ɗin ta faɗi ka ga orph ko orf a tsakiyar kalma. Wani yaron farmasi Bajamushe Friedrich Sertürner ne ya fara ware sinadarin daga opiyom wajejen 1804, a 1817 ya buga cikakken bayani ya sa mishi morphium, daga Morpheus, wanda a tatsuniyar Girkawa da Rumawa shi ke kawo mafarki, kamfanin Merck ya fara saida shi da yawa a 1827. Duk inda ka ga wagga saiwa ka ɗaga gira, hydromorphone, buprenorphine, ethylmorphine da ake sa wa a wasu siron tari, dihydromorphine. Hodar nan heroyin ma sunanta na likita diamorphine ne ko diacetylmorphine, wani Bature Alder Wright ya fara haɗa ta a Landan a 1874, kamfanin Bayer ya hito da ita kasuwa a 1898 a matsayin maganin tari, wallahi maganin tari, har ana tallanta. Shi morfin ba abin ƙyama ba ne a hannun likita, wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ko mai sikila in ta motsa ko wanda ya ƙone ya san rahama ne, kuma matsalar asibitocinmu ma ƙarancinshi ne ba yawanshi ba.

Ta uku cod ko kod. Pierre Robiquet Bafaranshe ya gano kodin a 1832, sunan daga kodeia, ƙoƙon kan furen da Girkanci. Za ka gan ta a codeinum, kodeinas, dihydrocodeine, oxycodone, hydrocodone, pholcodine, kuma kamfanoni na son saka ta cikin inkiya, Codoliprane, Néo-Codion, to in ka ga cod a babban suna ma sauka ƙasa ka tabbatar. Shi kodin in ya shiga jiki hanta ce ke juya wani sashe nashi ya koma morfin, kuma hantar wasu mutane na juyawa da sauri hiye da ta wasu, gado ne, an hi samun haka wajen Habasha da arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, shi ya sa cokalin da bai yi ma wani komi ba sai ya kwantar da wani. Saboda haka ne a Turai anka hana ba yaro ƙasa da shekara 12 da mace mai shayarwa. Faransa ta maida shi sai da ordonas a 2017, Najeriya ta hana yi da shigo da siron tari mai kodin a watan Mayu 2018 bayan wani bincike na BBC, mu da ke da Dan Issa da Jibiya a bakin ƙofa mun san hani bai hana kwalba tsallako iyaka ba.

Sauran ba daga furen ake tatsarsu ba, a masana'anta ake haɗa su, amma wuri guda suke kamawa a ƙwaƙwalwa, su ne anka hi ce ma opioid. Ƙarshen -adol, tramadol da tapentadol. Fentan, fentanyl ko fentanilis da ƙannenshi sufentanil da remifentanil, wanda Paul Janssen na Beljiyam ya haɗa wajejen 1960, ƙarhinshi ya ninka na morfin sau 50 zuwa 100. Methad ko metad. Pethid ko petid. Shi tramol kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962 ya hito kasuwa a 1977 da sunan Tramal, a farmasi za ka same shi da sunaye irin su Topalgic da Contramal, ko haɗe da parasitamol kamar Ixprim. Tapentadol ka riƙe shi da kyau don tunda Indiya ta ƙara matse tramol a 2018 shi ke maye gurbin, galibi haɗe da carisoprodol, fallen ƙwaya kala guda da wanda yara sunka saba, mai talla ya ce maka ai wanga ba tramol ba ne, gaskiya ya faɗa ba tramol ba ne, ya hi shi ƙarhi.

Amma dabarar na da ramuka, kada ka koyi saiwa huɗu ka shiga gida kana zubda maganin tsohuwa. Papaverine, papaverinas, daga furen yake, Georg Merck ya ware shi a 1848, amma ba ya sa maye, na murɗar ciki ne da saki jijiya. Noscapine ma daga opiyom yake, na tari ne kawai. Apomorphine ga morph a ciki ƙuru-ƙuru amma na ciwon karkarwar nan ne ta Parkinson. Haloperidol ya yi kama da masu -adol a kunne, duba da kyau -idol ne, maganin taɓin hankali ne. Paracetamolis parasitamol ne kawai da -is ɗinsu. Dextromethorphan na siron tari shina da orph, ba ya kashe ciwo kamar morfin amma in anka kwankwaɗe kwalba shina juya kai, to shi ma ba na ajiyewa kusa da samari ba ne. A ɗaya gehen kuma loperamide na zawo ba saiwar da ta tona shi alhali ɗan dangi ne, sai dai aikinshi a hanji yake tsayawa in anka bi ƙa'ida. Don haka saiwa ƙararrawa ce, in ta kaɗa ka ɗauki kwalin ka kai ma mai farmasi na gaske, mai diflom, ba na kan tire ko na bayan keke ba.

Daga suna sai lamba. Wanga ma a ganina ya hi sunan tona asiri a kasuwarmu. Tramol na asibiti kafso 50 mg ne, ko 100 mg, kuma babba mai lahiyar ƙoda da hanta ba a wuce mishi 400 mg a yini guda cur. Akwai masu 150 da 200 na gaskiya amma su masu narkewa sannu-sannu ne cikin awa 12 ko 24, Faransanci za ka ga LP, libération prolongée, Lituwaniya za ka ga pailginto atpalaidavimo tabletės, waɗannan ba a taunawa ba a dakawa ba a narkawa cikin shayi, in ka fasa ta abin da ya kamata ya shiga jiki cikin yini sai ya shiga lokaci guda. To in ka ga falle an buga 120 ko 225 ko 250, ba LP, ga zanen jan tuffa ko zaki ko wani ƙato mai damtse, wanga ba don marar lahiya anka yi shi ba, don ɗan kabu-kabu da mai turin baro da ɗan ga-ruwa anka yi shi, ƙwaya biyu masu 225 ko 250 sun riga sun wuce iyakar yini, daga nan ne farfaɗiyar nan da muke gani yaro na tuƙi ya zube kan titi ke zuwa. Ka kuma duba kwalin Faransa, jan layi kewaye da wani farin gurbi shi ne liste I, kore liste II, duka sai da ordonas. A na Lituwaniya kalma biyu ce, receptinis vaistas sai da takardar likita, nereceptinis vaistas ba sai da ita ba, ne ɗin nan na gaba shi ne a'a ɗinsu. Tinka iki ko EXP ranar lalacewa, serija ko Lot lambar zubi, kwalin da ba shi da su biyun nan ajiye shi.

In ka buɗe notis ɗin kada tsawonta ya tsorata ka, kalmomi ƙalilan za ka farauta. Priklausomybė shi ne kamuwa, jiki ya saba har ba ya iyawa sai da shi, in ka ga gali sukelti priklausomybę ana ce maka zai iya kama mutum. Mieguistumas gyangyaɗi, ka ga miegas ɗin can a ciki. Kvėpavimo slopinimas danne numfashi, wanga shi ke kisa. Traukuliai farfaɗiya. Perdozavimas wuce kima, ga doz ɗin Faransanci a tsakiya. Negalima ko draudžiama an hana, duk layin da ya ƙare da ɗayansu ka haska mishi waya ka karanta shi duka. Vaikams ga yara, nėštumas ciki, žindymas shayarwa. Alkoholis ba sai na fassara ba. Narkotinės medžiagos shi ne abin da Faransanci ke ce ma stupéfiants, kayan da OCRTIS, ofishin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da jandarma ke kamu a kai. Skausmas ciwo, kosulys tari, sirupas siro, lašai ɗigo, injekcinis tirpalas ruwan pikir, pleistras filasta, kuma filastar fentanyl ba ta ɗaurin rauni ba ce, yaro ya liƙa ta ko ya tsotsa ta ishe shi, ko wadda anka ɓanɓare daga jikin marar lahiya da sauran ƙarhi a cikinta.

Saiwa guda ta rage, nal. Naloxone, naloksonas, naloxonum, shi ne makarin dangin nan duka, ana yi ma mutum pikir ɗinshi ya ture opiyom daga inda ya kama numfashi ya dawo cikin mintoci, tun 1971 ake aiki da shi. Naltrexone ɗan'uwanshi ne na taimakon masu son bari. Amma nalbuphine shi mai kashe ciwo ne ɗan dangi, acide nalidixique kuwa na ciwon fitsari ne ba ruwanshi. Amfanin sanin wanga shi ne ranar da kunka iske wani kwance ba ya tashi ko an girgiza shi, numfashi na hita da ƙyar ko shina wani irin minshari, ɗiyan idonshi sun tsuke kamar kan allura, leɓe ya yi duhu, kada a ɗura mishi madara ko manja ko ruwan tsamiya, shaƙe shi za a yi, kada kuma a ce bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi kan haƙarƙari, a nemi mota ko a kira ƴan pompiye, a tahi likita da shi, kuma a ɗauki fallen ko kwalbar da ya sha a tahi da ita ko babu komi ciki, majo na ganin ƙaramin layin nan ya san abin da zai nema. In tramol ne ku faɗa musu ko ya yi farfaɗiya a hanya, don nalokson numfashi yake maidowa, farfaɗiyar da wani magani daban ake tsaida ta.

Ga masu tahiya can kuma, ɗalibai da ƴan kasuwa, abu biyu. In likita ya ɗora ka kan tramol ko kodin ka sa ya rubuta maka ordonas da sunan DCI da yawan miligiram da kwanakin sha, ka bar maganin cikin kwalinshi na asali, don ɗan duwan na Vilnius ko Istanbul ko Alƙahira bai san inkiyar da anka saida maka da ita a Maradi ba, kuma Masar da ƙasashen Larabawa na Golf ba sa wasa kan tramol, mutane sun sha ɗauri a kai. Na biyu, in ka isa za ka ga aguonos a ko'ina, kan burodi, cikin kek, su aguonos a nan ƴaƴan furen ne ƙanana baƙi-baƙi kamar na riɗi amma sun hi ƙanƙanta, abinci ne na halal a kasuwarsu, daren 24 ga Disamba da suke kira Kūčios har wani farin ruwa suke dama wa da su, aguonų pienas, madarar furen, su jiƙa ƴan ƙananan cincin ɗinsu kūčiukai a ciki. Ba za su sa ka maye ba, amma in ka ci da yawa gwajin fitsari na iya nuna morfin kwana ɗaya ko biyu bayan nan, to in kana da bizit medikal na lakwal ko na aikin tuƙin kamiyo ka bar burodin mai baƙin ɗigo sai an gama, kuma kada ka zubo su cikin jaka don tsaraba in jirginka ta Dubai ko Jidda zai bi, can ko ƴaƴan ma haramtattu ne a dokarsu.